Hidimar Kare 'Yan Gudun Hijira Daga Masu Safarar Mutane: Abin da Na Gani a Hannun Wata Ƙungiyar Addini a Iyakar Polan

Na zauna kwana 12 a hannun wata ƙungiyar agaji ta addinin Kirista a kudu maso gabashin Polan cikin watan Maris na 2022, bayan na gudo daga birnin Kharkiv na ƙasar Yukiren inda nake karatun likita, kuma na ci gaba da hulɗa da ofishinta kusan wata 3 bayan na bar gidan da ta sauke mu. Aikin da ta sa gaba shi ne tsare mata da yaran da yaƙi ya koro, kada su faɗa hannun masu safarar mutane. Na daɗe ina ɗage rubuta wannan sharhi, domin wanda aka shayar da shi a lokacin da ƙishi ya kusa kashe shi yakan ji nauyin cewa ƙoƙon ya tsage. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, saboda gidan da take sauke mata ba wuri ne da ake tallata shi ba, kuma irin hidimar da zan yi magana a kanta ƙungiyoyi da dama ne suka yi ta a wancan lokaci. Hukuncina shi ne, a cikin awa 48 na farko ban ga wanda ya kama ƙafar waɗannan mutane ba, amma daga mako na 3 zuwa gaba hidimar ta yi sanyi ƙwarai, musamman ga wanda ba ya riƙe da fasfon Yukiren.

Sai mutum ya san yadda iyakar take a wancan mako kafin ya gane dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan aiki. Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairu, kuma cikin mako guda mutum miliyan 1 suka fice daga ƙasar. Gwamnati ta hana maza masu shekara 18 zuwa 60 fita, don haka kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka tsallaka mata ne da yara, da yawansu kuma ba su taɓa barin ƙasarsu ba. Ni da wata ƙawata da ke bayana da aji biyu mun hau jirgin ƙasa zuwa Lviv, daga nan mota ta kai mu iya inda za ta iya, sauran tafiyar kuma muka ƙarasa ta da ƙafa zuwa mashigar Shehyni, wadda ke fuskantar Medyka ta ɓangaren Polan. Abin da ɗaliban Afirka suka gani a layukan nan na turewa baya da jira har sai an gama da wasu ya kai ga Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwa ranar 28 ga Fabrairu, kuma ba zan tsaya a kansa ba. Abin da ya shafi wannan sharhi shi ne halin da mutum yake fitowa a ciki ta ɗaya ɓangaren: ƙafa ta kumbura, waya ta mutu, kuɗin Yukiren da ke aljihu da ƙyar ake samun mai canza shi, barci kuma ya kai kwana uku rabonka da shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Da aka buga mana hatimi muka fito, sai muka tarar da wata doguwar hanya da tantuna suka jeru hagu da dama. Akwai na Caritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, akwai motar abinci ta mabiya addinin Sikh, akwai na coci-coci daban-daban, akwai kuma na mutanen da babu wata ƙungiya a bayansu sai tausayinsu. A ƙarshen hanyar, inda motoci ke tsayawa, maza ne tsaye riƙe da kwalaye da aka rubuta sunayen birane a jiki. Galibinsu mutanen kirki ne da suka tuƙo daga nesa da man motarsu don su taimaka, kuma wannan shi ne ainihin matsalar, domin babu wata alama da za ta raba su da kura mai sanye da fatar akuya. Riga mai ƙyalli irin ta 'yan sa-kai kowa zai iya sayenta a shago.

Wani mutum mai riƙe da kwalin Balin ya tare mu da Turanci mai kyau. Ya ce ya san halin da ɗalibai baƙi suke ciki, ya san ba a kula da mu kamar yadda ake kula da 'yan ƙasa, kuma yana da aboki mai otal a Jamus da zai ba mu ɗaki da aiki ba tare da an nemi wata takarda ba. Maganarsa ta shige mu, domin duk abin da ya faɗa game da wariya gaskiya ne. Sai ya ce mu ba shi fasfunanmu ya haɗa da na sauran fasinjoji a wuri guda, saboda binciken 'yan sanda a hanya. Ƙawata har ta zuge jakarta lokacin da wata sista dattijuwa, gajeriya, sanye da babbar rigar sanyi a kan kayanta na coci, ta zo ta tsaya a tsakaninmu da shi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zarge shi da komai ba. Ta gaishe shi, ta gode masa da taimakon da ya zo yi, sannan ta nuna masa wani tebur ta ce ya zo a ɗauki hoton katin shaidarsa da lasisin tuƙinsa da lambar motarsa, a rubuta adireshin otal ɗin da lambar wayar mai shi, minti biyar kawai. Ya ce babu damuwa, bari ya matso da motar. Mun tsaya kusan rabin awa, bai dawo ba.

Sistar ta juyo ta ce da mu, ta bakin wata budurwa mai yi mata tafinta: "'Ya'yana, fasfo ba ya barin jikin mai shi. Jami'i mai kaki ne kaɗai zai karɓa, shi ma a gabanku zai duba ya mayar muku. Direba ba ya buƙatarsa, mai gida ba ya buƙatarsa, mai ba da aiki ba ya buƙatarsa." Na ce mata: "Sista, kina ganin mutumin nan mugu ne?" Sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ita ba aikinta ba ne sanin zuciyarsa, aikinta shi ne ta ga babu yarinyar da ta shiga motar da ba a rubuta lambarta ba.

Na sha tunani a kan wannan amsa, kuma ina ganin ita ce mafi kyawun abin da ke cikin hidimar gaba ɗaya. Mai yiwuwa mutumin ɗan safara ne, mai yiwuwa kuma direba ne kawai da takardunsa ba su cika ba ya ji tsoron teburin. Aikin rigakafi haka yake: idan ya yi nasara babu abin da ke faruwa, ba a kama kowa ba, ba a ceto kowa ba, babu labarin da za a kai wa masu ba da tallafi. Sai dai haɗarin ba na tatsuniya ba ne. A cikin wancan watan na Maris 'yan sanda a birnin Wroclaw na Polan suka kama wani mutum mai shekara 49 bisa zargin yi wa wata 'yar gudun hijira mai shekara 19 fyaɗe bayan ya yi mata tayin masauki, a Balin kuma 'yan sanda suka riƙa gargaɗin mata a babbar tashar jirgin ƙasa game da mazan da ke tayin kuɗi don a bi su gida.

Tsarin da suka bi da mu bayan haka mai sauƙi ne, kuma sauƙinsa ne ƙarfinsa. An zaunar da mu cikin tanti mai na'urar ɗumama ɗaki, aka ba mu shayi da wurin cajin waya, aka sa mana sabon layi, sannan aka ce kafin komai kowace ta kira gida ta faɗi inda take. An ɗauki hoton shafin farko na fasfunanmu da wayoyinmu, aka ce mu tura wa wani da muka amince da shi. An koya mana mu ajiye wata kalma tsakaninmu da iyayenmu wadda idan muka faɗe ta a waya za su san muna cikin matsala ko da bakinmu yana cewa lafiya lau. An ba kowace wani ɗan kati da ke ɗauke da lambar gaggawa ta 112 da lambar ofishin ƙungiyar. Direban da ya kai mu masauki an rubuta sunansa da lambar motarsa a littafi, an ba mu kwafi, kuma da muka isa sai aka buga waya aka tabbatar mun sauka. Daga baya hukumomi suka shimfiɗa irin wannan rajista ta direbobi a babbar cibiyar da aka buɗe cikin tsohon kantin Tesco na Przemysl (garin da sunansa ya ɗauke ni mako guda kafin na iya furta shi), amma a kwanakin farko littafin hannu na irin waɗannan mata ne ya cike gurbin.

A nan ne fifikon ƙungiyoyin addini yake fitowa fili, kuma ina ganin ba a cika faɗinsa yadda ya kamata ba. Manyan hukumomin agaji na duniya sai sun tara kuɗi, sun ɗauki ma'aikata, sun yi hayar ofis, kafin su kankama. Coci kuwa yana nan tun kafin a harba harsashin farko, da ɗakunan kwanansa da kicin ɗinsa da motarsa da tsofaffin matan unguwa waɗanda suka san kowane direba a garin da halinsa. Sistocin suna da 'yan'uwa a wasu gidajen ibada a Jamus da Italiya da Sifaniya, ta yadda macen da ke son ci gaba da tafiya za a miƙa ta daga hannu zuwa hannu, wani sananne yana jiran ta a tasha. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu. Tun 2009 shugabannin ƙungiyoyin sistocin Katolika suka kafa haɗakar Talitha Kum don yaƙi da safarar mutane, wadda yanzu take aiki a ƙasashe sama da 90, sunan kuma daga harshen Aramiya yake, ma'anarsa "yarinya, tashi." Irin wannan riga-kowa-isa an sake ganinsa a Labanon a 2024, lokacin da iyalai da yawa suka gudu daga ruwan bama-bamai suka bar 'yan aikin gidansu baƙi a kan titi, da dama babu fasfo saboda yana hannun iyayen gidansu a ƙarƙashin tsarin kafala, wanda ke ɗaure zaman baƙon ma'aikaci ga ubangidansa, kuma cocin limaman Katolika 'yan Jesuit da ke Beirut yana cikin wuraren da suka buɗe musu ƙofa.

Game da masaukin kansa ba ni da abin cewa mai yawa. Tsohon gini ne mai tsafta, mu shida a ɗaki, ruwan zafi ba ya yankewa, ƙofa ana kulle ta da ƙarfe 10 na dare, kuma babu namijin da ke hawa benen mata. Wasu daga cikin matan sun yi ƙorafin dokar kulle ƙofa, ni kuwa ita ce ta sa na yi barci.

Abin da 'yan'uwana Musulmi suka fi tambayata shi ne ko an matsa mana da wa'azi. Tsakani da Allah, ba a matsa mana ba. Ranar da muka isa, 2 ga Maris, ta dace da Larabar da Kiristoci ke fara azuminsu, don haka miyar da aka ba mu babu nama a ciki, muka sha hankali kwance. Washegari sai ga naman alade a tukunya, na kuwa rasa yadda zan yi in ƙi ba tare da na zama mai raina alheri ba. Sistar da ke kicin ta lura da cokalina a ajiye, ta tambayi dalili, daga ranar kuma aka riƙa ware mana ƙaramar tukunya. Da na tambayi inda zan yi salla, an ba ni wani ɗakin ajiye littattafai, wata matashiyar sista ta taya ni neman alƙibla da wayarta. Ana yin addu'a kafin cin abinci, ana gayyatar kowa ibadar yamma, amma babu wadda aka rage wa ko yanki guda na burodi don ba ta je ba. Ba zan ce haka abin yake a ko'ina ba, domin a kan hanyar tantunan Medyka na ga wasu baƙi da ke cusa wa mata ƙasidun wa'azi tare da abinci, mata waɗanda ko tsayuwa da ƙyar suke yi. Ƙa'idar aikin agaji da ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyi suka amince da ita tun 1994 ta hana a yi amfani da taimako wajen tallata addini ko siyasa, kuma masu masaukinmu sun kiyaye ta.

Akwai ma abin da shugaban addini yake iya yi wanda babu wata hukuma da za ta iya. Bayan mayaƙan IS sun afka wa Sinjar a Iraƙi cikin Agustan 2014 suka sace Yazidawa sama da 6,000, suka riƙa sayar da mata kamar kaya, babbar fargabar waɗanda suka kuɓuto ita ce ko danginsu za su karɓe su. Shugaban addininsu, Baba Sheikh, shi ne ya fito ya ce matan nan har yanzu Yazidawa ne kuma a karɓe su da mutunci, wannan magana kuma ta buɗe wa da yawa hanyar komawa gida. Sai dai a wannan misali ma iyakar abin ta bayyana, domin 'ya'yan da aka haifa a hannun mayaƙan ba su samu wannan karɓuwa ba, aka bar uwaye da zaɓi tsakanin ɗa da dangi.

Yanzu sai inda hidimar ta gaza. Ranar 4 ga Maris Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kariya ta wucin gadi, wadda take ajiye tun 2001 ba a taɓa amfani da ita ba. Ta bai wa 'yan Yukiren izinin zama da na aiki da asibiti da makaranta nan take, ga shi dama tun 2017 suna shiga Turai ba tare da biza ba. Polan ta ƙara da tata dokar ta 12 ga Maris, har ta riƙa biyan zloti 40 na kuɗin ƙasar a rana kan kowane mutum ga masu saukar 'yan gudun hijira. Idan za a faɗi gaskiya, waɗannan dokoki sun yi aikin hana safara fiye da duk tantunan iyaka a haɗe, domin macen da ke da 'yancin shiga ta ƙofa da 'yancin yin aiki da sunanta ba ta buƙatar ɗan fasa-ƙwauri, kuma babu wanda zai tsorata ta da cewa zai kira mata 'yan sanda. Duk wanda ya tuna yadda 'yan Siriya suka riƙa biyan masu kwale-kwale a 2015 zai ga bambancin. Mu kuwa ɗalibai masu izinin zama na ɗan lokaci a Yukiren ba mu shiga cikin wannan inuwa kai tsaye ba. Abin da aka ba mu a iyaka shi ne izinin kwana 15.

Ke nan mu ne muka fi kowa zama a bakin rami, amma an gina hidimar ne da macen Yukiren mai ɗauke da yaro a zuciya. Ƙasidun da ke bayanin haƙƙoƙi da harshen Yukiren da na Rasha da na Polan aka buga su. Taron da ake yi kowace safiya kan yadda ake karɓar lambar rajista ta PESEL da kuɗin tallafi ba ya shafarmu. Da na tambayi ma'aikaciyar ofis abin da zai faru idan kwana 15 suka cika, sai ta ce in tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasata, ta faɗa da fuskar tausayi irin ta wanda bai san amsa ba. Wani lauya ɗan sa-kai da ke zuwa sau ɗaya a mako ne ya taimaka muka shigar da takardar neman izinin zama kafin wa'adin ya cika, shi ne kuma ya bayyana mana cewa hatimin da aka buga mana yana halatta zamanmu kafin a yanke hukunci, amma ba ya ba mu damar yin aiki. Da ba mu dace da ranar zuwansa ba, da mun wayi gari ba mu da matsayi a ƙasar.

A mako na 5, bayan mun koma wani ɗaki da muka kama haya, kuɗin ƙawata ya ƙare. Ta ga tallar aiki a wani zaure na Telegram: tattara kaya a wani rumbun ajiya, da masauki, da mota zuwa wurin aiki, kuma dillalin ya ce zai riƙe fasfonta na mako biyu don ya samo mata izinin aiki. Maganar sistar Medyka ta dawo mana, sai muka ɗauko katin muka kira lambar ofis. Sau biyu saƙon na'ura ya amsa da harsunan da ba ma ji sosai. A karo na uku wata sabuwar ma'aikaciya ta ɗauka, ba ta san mu ba, babu kuma wani fayil da ke ɗauke da sunanmu, kuma da muka karanta mata tallar sai ta tambaya ko an kulle ƙawata a ɗaki ko an buge ta. Da muka ce a'a, sai ta ce wannan maganar ƙwadago ce, ba tasu ba ce. Ƙawata ta tafi. Ta yi mako 3 tana aikin awa 12 a tsaye, aka cire kuɗin gado da na mota da na "takardu" daga albashinta har abin da ya rage bai kai na abinci ba, fasfonta kuma bai dawo hannunta ba sai da lauyan nan ya rubuta wa dillalin wasiƙa a kan takarda mai hatimin ofishinsa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Wannan kuskure na ma'aikaciyar ba nata ba ne ita kaɗai, kuskure ne da ya zama ruwan dare a wannan fage. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar mutane, ta shekarar 2000, ba ta ce sai an ga sarƙa ko kulle ba kafin a kira abu safara. Abubuwa uku take dubawa: an ɗauko mutum ko an kai shi wani wuri ko an ajiye shi, an yi hakan ta hanyar tilas ko yaudara ko cin gajiyar rauninsa, kuma manufar ita ce a ci guminsa. Idan yaro ne ɗan ƙasa da shekara 18, ko yaudarar ba sai an tabbatar da ita ba. Riƙe takardun mutum da ɗora masa bashin da ba ya ƙarewa suna cikin alamomin aikin tilas da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa, kuma ƙiyasinta na 2021 ya nuna mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, da yawansu a gonaki da masana'antu da gine-gine da gidajen mutane. Ƙungiyoyin addini da yawa sun shigo wannan aiki ne ta ƙofar yaƙi da lalata da mata, idonsu ya saba da wannan fuska ta matsalar, sai ɗayar fuskar ta wuce ta gabansu ba su gane ta ba. Sun iya tare mutumin da ke tsaye da kwali a bakin iyaka, amma dillalin da ke turo saƙo a waya bayan wata guda ya fi ƙarfin tsarinsu.

Akwai wata cuta kuma da ke bin irin wannan aiki, wato son labarin ceto. Tarihinta ya daɗe. A lokacin yaƙin basasar Sudan na biyu, wanda aka yi daga 1983 zuwa 2005, mayaƙan sa-kai sun riƙa kai hari ƙauyukan ƙabilar Dinka a arewacin yankin Bahr el Ghazal suna kwashe mata da yara, sai ƙungiyar Christian Solidarity International mai hedikwata a Suwizalan ta fara biyan kuɗi tun daga 1995 don fansar su. An tara kuɗi sosai, har da na 'yan makaranta a Amurka. Amma UNICEF da wasu masu bincike sun soki tsarin da cewa biyan kuɗi yana iya ƙarfafa kasuwar da ake son kashewa, a 2002 kuma jaridu suka ruwaito cewa wasu daga cikin tarukan fansar shiri ne aka yi don a karɓi kuɗi, zargin da ƙungiyar ta musanta. A 2007 ma wata ƙungiyar Faransa, wadda ita ba ta addini ba ce, ta yi yunƙurin fitar da yara 103 daga Abeche a Chadi da sunan marayun Darfur ne, bincike kuma ya nuna galibinsu suna da iyaye ko dangi a raye. Kyakkyawar niyya da gaggawa da kyamara, idan suka haɗu a wurin da hukuma ta raunana, abin da suke haifarwa yakan yi kama da abin da aka zo yaƙa.

Ni ma wannan cuta ta ɗan shafe ni. A kwana na 8 wasu baƙi daga wata ƙungiya ta ƙetare da ke tallafa wa gidan da kuɗi suka kawo ziyara tare da mai ɗaukar hoto. An tambaye mu da baki ko mun yarda a ɗauke mu, muka ce to, domin yaya za ka ce a'a ga mutanen da aka gaya maka su ne ke biyan kuɗin gadon da kake kwana a kai? Babu takardar da muka sa wa hannu, babu wanda ya gaya mana inda hoton zai je. Bayan kusan wata 2 wani ɗan ajinmu ya turo mini shafin neman gudummawa na ƙungiyar baƙin, sai ga ni da ƙawata riƙe da kofunan shayi, fuskokinmu a fili, a ƙasa kuma an rubuta cewa ɗalibai 'yan Afirka ne da aka ceto daga hannun masu safarar mutane. Babu wanda ya ceto mu daga ko'ina. Wata tsohuwa ce ta nemi wani mutum ya nuna katin shaidarsa, shi kuma ya tafi. Wanda ya san abin da kalmar "safara" ke jawo wa sunan budurwa a bakin mutane zai gane dalilin da ya sa ƙawata ta kwana tana kuka, ita da a lokacin ma fasfonta bai daɗe da dawowa daga hannun dillali ba, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a hoto.

Na rubuta wa ofishin masu masaukinmu na bayyana abin da ya faru. Amsar ta zo bayan kwana 4, daga shugabar gidan da kanta. Ta ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ta ce ba su ga rubutun da aka yi a ƙasan hoton ba kafin a wallafa shi, ta ce sun nemi a cire shi, kuma daga yanzu babu baƙon da zai ɗauki fuskar kowa a gidan. A ƙarshen wasiƙar ta tambayi lafiyar ƙawata da sunanta, ta kuma nemi in turo mata tallar nan ta Telegram domin ta nuna wa ma'aikatan da ke amsa waya. Hoton ya sauka daga shafin bayan mako 2, amma har watan Yuli ina ganinsa a Facebook a wurin mutanen da suka riga suka yaɗa shi.